Yadda ɗaliban Yahudawa masu digiri na biyu da na uku ke tafiyar da zaman karatunsu a jami'o'in Amurka

Tambaya: Ina digiri na uku a wata jami'a a Amurka. Abokan karatuna Yahudawa suna da wani zama duk mako, sai ka gan su bibbiyu suna karatu da ƙarfi kamar masu rigima, ran Juma'a da yamma kuma su ɓace. Yaya tsarin yake, me suke karantawa, wa ke ɗaukar nauyi, kuma wanda ba Bayahude ba zai iya zama cikinsu?

Amsa: Malam, abin da ka hango ƙafa biyu gare shi. Ta ɗaya karatun mutum biyu-biyu a lokacin da aka tsayar, wanda suke kira habruta. Ta biyu cin abinci tare a daren Asabar, wato Juma'a bayan faɗuwar rana, don su ma yininsu daga faɗuwar rana yake farawa. Ƙungiyar da ta riƙe waɗannan biyun takan daɗe. Wadda ta dogara da gayyato manyan baƙi su yi lacca sau biyu a shekara kuwa, da wuya ta wuce zamanin wanda ya kafa ta.

Dalilin da ya sa manyan ɗalibai ke ware nasu zaman ba girman kai ba ne. Daɗaɗɗiyar cibiyar ɗaliban Yahudawa ita ce Hillel, wadda aka kafa a Jami'ar Illinois a 1923, kuma yawancin shirye-shiryenta an yi su ne don 'yan digirin farko, masu shekara 18 zuwa 22. Mai digiri na uku sau da yawa ya doshi talatin, wataƙila da iyali, kuma shi ne ke duba takardun jarrabawar waɗannan yaran. Ba ya sakewa ya zauna teburi ɗaya da wanda zai ba maki ran Litinin. Ga nisa: makarantar likitanci ta Harvard tana cikin Boston, alhali ainihin jami'ar tana Cambridge, tsallaken kogi. Shi ya sa za ka tarar 'yan shari'a da tasu ƙungiyar, 'yan kasuwanci da tasu, ta 'yan likitanci kuma sau da yawa tana ɗauke da sunan Maimonides, wato Musa bin Maimun, malami kuma likita haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204.

Kafin komai ka binciki wanda ke ɗaukar nauyin zaman, domin shi zai nuna maka irin karatun da za a yi. Hillel tana karɓar kowane ɓangare. Chabad, ƙungiyar da hedikwatarta ke Brooklyn a birnin Niyok, takan tura rabbi, wato malamin addininsu, da matarsa su zauna kusa da jami'a, gidansu ya zama gidan kowa, abincin daren Asabar kyauta, karatun kuma bisa fahimtarsu ta masu tsananin riƙo. OU-JLIC, shirin da ƙungiyar Orthodox Union ta fara a 2000, shi ma miji da mata yake turawa, amma hankalinsa ya fi karkata ga ɗaliban da suka taso cikin karatun addini kuma ba sa son ya tsinke. Moishe House, da aka fara a Oakland ta Kalifoniya a 2006, dabararta daban ce: ana rage wa wasu matasa kuɗin haya, su kuma su riƙa shirya taruka a gidan. Sai kuma zaman da ɗalibai suka ƙirƙira da kansu, suka yi rajista da hukumar jami'a suna karɓar ɗan tallafi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 37 cikin 100 na manyan Yahudawan Amurka 'yan Rifom ne, masu sassauci, kashi 17 'yan Konsabatib, masu tsaka-tsaki, kashi 9 kacal 'yan Otodoks, masu tsananin riƙo, kashi 32 kuma ba su jingina da kowane ɓangare ba. Don haka a ɗaki ɗaya akwai wanda ya yi shekaru a yeshiba, makarantar addinin gargajiya, da wanda ko baƙaƙen Ibrananci bai iya ba, dukkansu kuma masu ilimin boko mai zurfi ne da ba su saba zama a bayan aji ba.

Abin da ake karantawa a habruta galibi Talmud ne. Gindinsa Mishna, tarin hukunce-hukunce cikin Ibrananci da Rabbi Yahuda Hanasi ya tsara wajen shekara ta 200 miladiyya, kashi shida, littattafai 63. A kanta aka ɗora Gemara, muhawarar malaman da suka biyo baya, akasari cikin Aramiyanci, kuma wadda aka fi karantawa ita ce ta Babila, Iraƙi ta yau. Kusan kowa bugun Vilna na 1880 zuwa 1886 yake bi, wanda ya gaji lambobin shafi daga bugun Daniel Bomberg na birnin Venice, 1520 zuwa 1523. In ka buɗe shafi za ka ga nassi a tsakiya, sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, a gefen ciki wajen ɗinki, sharhin Tosafot na almajiransa da jikokinsa a gefen waje. Kusan kowane littafi a warƙa ta 2 yake farawa, kowace warƙa kuma fuska biyu ce, a da b. Nassin babu wasali, babu alamar tambaya, waƙafi ma sai jefi-jefi. Aikin farko shi ne gano inda jumla ta ƙare, da kuma ko tambaya ce, ko amsa, ko gatse. Wannan ne asalin hayaniyar da ka ji.

Wanda ya yi karatun zaure zai gane kamannin, karatu da ƙarfi da fassara kalma bayan kalma da sharhi a gefe, sai dai a nan malam ba ya biya wa kowa tukuna. Almajirai biyu ne za su fara dambe da nassin su kaɗai. Ɗaya ya karanta layi biyu ko uku da ƙarfi ya fassara. Ɗayan ya ɗauke ido daga littafi ya maimaita da kalmominsa, domin a nan ake kama wanda ya fassara daidai amma bai gane ba. Sai su sa wa kowace gaɓa suna: wannan da'awa ce, wannan ƙalubale, wannan hujja, wannan rushe hujjar. Bayan haka a duba Rashi, wanda aka buga da wani salon rubutu daban da ke wahalar da sabon shiga na ɗan lokaci. Fassarar Turanci ita ce ta ƙarshe, don a tabbatar, ba don a fara da ita ba. Daga nan su yi musanya, mai saurare ya koma mai karatu.

Ɗauki farkon littafin Baba Meziya, warƙa ta 2a, wanda ake yawan fara koyar da shi. Mutum biyu sun zo gaban alƙali riƙe da mayafi ɗaya. Wannan ya ce ni na tsinta, wancan ya ce ni na tsinta; wannan ya ce duka nawa ne, wancan ma haka. Hukuncin Mishna: kowa ya rantse cewa rabonsa bai gaza rabi ba, a raba biyu. In kuma ɗaya ya ce duka nawa ne, ɗayan ya ce rabi ne nawa, na farko ya ɗauki kashi uku cikin huɗu, na biyu kashi ɗaya, tunda rabin da ba a yi jayayya a kansa ba ya riga ya fita daga shari'ar. Gemara ba ta wucewa. Ta tambaya me ya sa aka faɗi magana biyu, na tsinta da duka nawa ne, alhali ɗaya ta isa, har ta kai ga cewa ɗaya batun tsintuwa ce, ɗaya batun ciniki. Ta tambaya me ya kawo rantsuwa, Rabbi Yohanan ya ce malamai ne suka sa ta don kada kowa ya riƙa cafke mayafin ɗan'uwansa yana cewa nawa ne. Ɗalibar shari'a da ɗalibin tattalin arziki za su iya cinye minti arba'in a kan wannan ba su gama rabin fuska ɗaya ba, kuma a ma'auninsu wannan zama ne mai kyau.

Gardamar da gangan ake yin ta. A cikin wannan littafin, warƙa ta 84a, an ba da labarin Rabbi Yohanan bayan rasuwar abokin karatunsa Resh Lakish. Aka kawo masa wani malami da duk abin da ya faɗa sai ya kawo masa nassi mai goyon baya. Ya ƙi wannan, ya ce marigayin yakan kawo masa ƙalubale 24 shi kuma ya ba da amsa 24, ta haka karatun ke faɗaɗa. Don haka abokin karatun da ya fi lalata zama shi ne mai gyaɗa kai. Na biyunsa shi ne gwanin da ya mai da zaman aji, yana bayani ɗayan yana saurare. Masu shirya zama da suka san aikinsu sukan haɗa mutanen da matakinsu ya yi kusa, su tambayi kowa a keɓe bayan mako uku ko huɗu ko haɗin ya yi, kuma su faɗa tun farko cewa canza aboki ba laifi ba ne. In ba a faɗa ba, mutum ba zai yi ƙorafi ba, daina zuwa kawai zai yi.

Tsarin da ya fi dacewa da masu bincike shi ne zama ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, rana ɗaya, ɗaki ɗaya, ba a sake jefa ƙuri'a a kan lokaci duk mako. Minti goma na farko isowa da ɗan abin taɓawa, minti 45 karatun bibbiyu, sauran minti 35 a haɗu wani ya ja zaren abin da aka gano. Mutum takwas zuwa goma sha huɗu ya isa. In sun wuce haka, zagayen ƙarshe yakan zama lacca. In matakin mahalarta ya bambanta ƙwarai, akan bar littafi guda a koma takardar nassoshi, shafi biyu masu ɗauke da guntaye huɗu zuwa shida a kan jigo ɗaya, Ibrananci da fassara gefe da gefe, da tambayoyi biyu ko uku a ƙasa. Kuskuren sabon mai shiryawa shi ne ya cika guntaye goma sha biyar don a ga ya yi bincike, sai kowane biyu su tsaya a wuri daban, zagayen ƙarshe ya rasa abin da ya haɗa su. Littattafai ba su ne matsala ba yanzu. Ɗakin karatun intanet na Sefaria ya saki Talmud da fassarar Rabbi Adin Steinsaltz kyauta tun daga 2017, kuma yana da wurin haɗa irin wannan takarda. Amma a ranar Asabar sai an riga an buga ta a takarda, don masu riƙo ba sa taɓa waya.

Waɗanda ba su shirya wa Talmud ba sukan bi karatun Attaura na mako, wanda aka kasa kashi 54 ana saukewa duk shekara, ko Pirke Abot, babi shida na hikima da ladabi. Amfanin karatun mako shi ne wanda ya yi fashi bai rasa zare ba. Akwai kuma Daf Yomi, warƙa ɗaya kullum, da Rabbi Meir Shapiro ya gabatar a wani taro a birnin Biyana na Ostiriya a 1923. Warƙa 2,711 ne, zagaye ɗaya na cin kusan shekara bakwai da wata biyar, kuma wanda ake ciki ya fara ne ran 5 ga Janairu 2020, zai ƙare a 2027. A ganina bai dace ya zama ginshiƙin ƙungiyar masu digiri na uku ba. Ba shi da hutu, gudunsa ya wuce na muhawara, kuma wanda ya yi fashin mako biyu saboda jarrabawa ya tara bashin warƙa goma sha huɗu. Mai so ya bi shi shi kaɗai da darasin murya a hanyar zuwa ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya fi karya waɗannan ƙungiyoyi kalanda ce. Ta Yahudawa da wata take tafiya, amma suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai cikin kowace shekara 19, don haka bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani kamar azumi. Kullum manyan bukukuwan suna faɗowa a Satumba da Oktoba, daidai buɗe zangon karatu: Rosh Hashana, Yom Kippur mai azumin kusan awa 25, Sukkot, da Simhat Tora. Ga mai riƙo a wajen Isra'ila wannan kwana bakwai ne na hutun dole cikin kwana 23, ban da Asabar. Idin Ƙetarewa kuma, kwana takwas a Maris ko Afrilu, yana cin karo da lokacin miƙa kundi da kare shi. Ƙungiyar da ta fara karatu a makon farko na Satumba takan watse kafin ta kama ƙasa. Masu wayo sukan yi amfani da bukukuwan wajen tara sunaye da cin abinci tare, su fara karatu gadan-gadan bayan Simhat Tora, su yi mako takwas zuwa goma masu farko da ƙarshe, su rufe da ɗan walima. Mutum ya fi yarda ya ɗauki alkawarin mako takwas a kan alkawarin da ba shi da iyaka.

Ɓacewar Juma'a kuwa ga dalilinta. Ana kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwar rana, daga nan har fitowar taurari uku ran Asabar da dare mai riƙo ba ya rubutu, ba ya girki, ba ya tuƙi, ba ya kunna wuta ko kashe ta. A Boston cikin Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da kwata, wato kafin ƙarfe huɗu an shiga hutu, taron sashe na ƙarfe uku kuma ya zama matsala. Ginin jami'a ma yana da nasa tarkon: ƙofa mai buɗewa da kati, fitila mai kamawa da motsin mutum, na'urar hawa bene. Shi ya sa ake komawa gidan wani da ke kusa, inda za a iya zuwa a ƙafa, a dafa komai tun da rana a bar shi kan faranti mai ɗumi.

Abinci shi ne wurin da aka fi saɓawa. Dokar abincinsu, wadda ake kira kosha, ta hana haɗa nama da madara, har tukwane da cokula daban, kuma mai tsananin riƙo ba ya cin abin da aka dafa a kicin da bai amince da shi ba, ko da na ɗan'uwansa Bayahude ne. In za a yi kowa-ya-kawo, dabarar da ta yaɗu ita ce teburi biyu: ɗaya na abinci marar nama daga kowane kicin, ɗaya na abin da ke da hatimin kosha kaɗai, da faranti da cokali na yarwa. Addu'ar jam'i ta fi wannan wuya. Tana bukatar mutum goma. 'Yan Otodoks maza kawai suke ƙirgawa kuma suna raba wurin zama, sauran suna ƙirga mata. Ƙungiyoyi da yawa sukan kauce: kowa ya je majami'arsa, a haɗu a teburi.

Akwai saɓani biyu da suka keɓanta da manyan ɗalibai. Na farko tsakanin mai karanta nassi a matsayin ibada da mai karanta shi a matsayin tarihi, wanda zai ce wannan gaɓar wani mai tsarawa ne ya ƙara ta daga baya. Duka biyun halas ne a wasu zaurukan, a wasu kuma na biyun cin fuska ne, don haka a faɗi ƙa'ida tun ranar farko. Na biyu siyasar Isra'ila da Falasɗinu, wadda ta raba kan ɗaliban Yahudawa su kansu, musamman tun daga Oktoba 2023. Ƙungiyoyin da suka tsira galibi sun ware wa wannan zance zama na daban, ko sun amince ba a kawo shi teburin karatu. Sai matsalar gado: mai digiri na biyu shekara ɗaya ko biyu yake yi ya tafi, da jerin sunaye da lambar sirrin asusu da sanin wanda ake roƙo ɗaki a wurinsa. Maganinta shugabanni biyu masu shekarar gamawa daban, da miƙa ragama a watan Maris, ba a makon yaye ɗalibai ba.

Game da halartarka, amsar ta danganta da mai zaman. Yahudanci ba addinin neman mabiya ba ne, don haka ba wanda zai ja ka, kuma wasu malaman Otodoks suna taƙaita koyar da Talmud ga wanda ba Bayahude ba. Zaman Hillel da na ɗalibai galibi a buɗe suke ga baƙon da ya zo da ladabi. Ka bi ta hannun abokinka, ya sanar da mai shiryawa, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. In an nemi ka yi rajista ko ka nuna katin ɗalibi kada ka ɗauka da zafi. Tsaro ya ƙaru a wuraren taronsu tun harin majami'ar Pittsburgh na Oktoba 2018 da ya ci rai 11. In bincike kake yi da niyyar rubutawa, ka faɗa tun farko kuma ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka.

In teburin daren Asabar aka gayyace ka, in kai Musulmi ne ka yi Magariba kafin ka shiga, don zaman yakan ja. Ana buɗewa da addu'a a kan kofin giya. Ka gaya wa mai gida tun kafin ranar cewa ba ka sha, ruwan inabi marar sa maye karɓaɓɓe ne a wurinsu kuma kusan kullum akwai shi, ka bar mai gida ya zuba maka. Bayan wanke hannu ba a magana har sai an gutsuri burodi, don haka in ka yi tambaya aka amsa da kai kawai, ba wulaƙanci ba ne. Kada ka kashe fitilar banɗaki in ka fito, ba mai iya sake kunna ta sai gobe da dare. Waya ta zauna a aljihu, kada ka kawo dafaffen abinci daga gida, kuma a gidan masu riƙo namiji ba ya miƙa wa mace hannu. Batun naman, hukuncin abincin Ma'abota Littafi yana cikin aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kuma malamai sun yi bayani a kansa, sai dai ka sani kosha ba ta hana giya ba, ana iya dafa nama da ita, don haka ka tambaya.

In kuma abin da kake nema shi ne zaman da kai ma za ka zo da naka littafin, akwai tsarin da ake kira Scriptural Reasoning, wanda Peter Ochs, masanin falsafa Bayahude, da David Ford na Jami'ar Kambirij ta Ingila suna cikin waɗanda suka assasa shi a shekarun 1990. Yahudawa da Kirista da Musulmi ne ke zama 'yan kaɗan, kowa ya kawo gajeren nassi daga littafinsa a kan jigo ɗaya, a karanta tare ba tare da an nemi kowa ya bar aƙidarsa ko a cimma matsaya ba. Ofishin kula da harkokin addini na jami'arka ne wurin da za ka tambaya ko suna da shi.